Daga Kakalaba Zuwa Yau: Tuna Kwanakin Allah A Ƙasar Adar

Ya 'yan'uwa Musulmi na Galma da kewaye. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, na ga tsoro ya yawaita a zukata: labarin 'yan bindiga ta wajen iyakar Sakkwato, satar dabbobi, tsadar hatsi, da damina mai zuwa da gardama. A aya ta 5 ta Suratu Ibrahim, Allah ya umarci Annabi Musa da ya tunatar da mutanensa kwanakin Allah, wato lokutan jarrabawa da na tsira. Mu ma muna da namu kwanakin a ƙasar nan, mantawa da su kuwa butulci ne.

A shekarun 1913 zuwa 1914 aka yi yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba. Ruwa ya ɗauke, rumbuna suka ƙare, harajin Nasara kuma bai tsaya ba. Garuruwa suka watse, aka rayu da ganye da anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki kafin ɗacinta ya fita. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar. Duk da haka iri bai ƙare ba, ga mu nan jikokin waɗanda suka tsira.

Fari ya dawo a 1973, ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa. Buzaye da Fulani suka gangaro kudu, wanda jiya yake da garke ya wayi gari da sanda kaɗai. Wannan yunwa na cikin dalilan faɗuwar gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Bayanta, a 1975, aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, domin kare gonaki daga iska.

Ta 1984 kuwa da idona na gan ta, ina almajiri matashi. Damina ta lalace, Najeriya kuma ta rufe iyakokinta a wannan shekara, shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna Albuhari. Hanyar da aka saba bi neman abinci ta toshe. Na ga magidanta suna sayar da saniya a kuɗin da bai kai na buhu ba. Na ga uwaye suna ɗora tukunya da ruwa zalla don yara su yi barci da sa rai. Da yawa sun zaci Adar ta mutu ke nan.

To, a cikin wannan shekara ce aka soma aikin raya karkara na Keita, da tallafin ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza sun tafi ci-rani, mata ne suka fi ɗaukar nauyin aikin: suna kwasar duwatsu a ka, suna haƙa ramuka a kan fako, ana biyan su da abinci. Cikin shekara kusan ashirin aka dasa itatuwa kimanin miliyan 18, aka gina madatsun ruwa, ƙasar da aka yanke wa ƙauna ta sāke ba da hatsi. Ku lura, ya 'yan'uwa: sauƙin ya tsiro ne a tsakiyar tsanani, kuma Allah ya kawo shi ta hannun waɗanda suka tashi suka yi aiki.

Haka magabata suka yi. A shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira shekarar toka, yunwa ta auka wa Madina. Sayyidina Umar ya haramta wa kansa nama da man shanu har talakawa su samu, ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci. Sannan ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Annabi ya yi addu'a, Allah ya shayar da su. Ya haɗa addu'a da dabara da tausayin na ƙasa.

Ko kwanan nan, an rufe mana iyaka bayan Yulin 2023, aka yanke wutar lantarki, abinci da magani suka yi tsada. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin. Wa ya ciyar da mu a tsakani?

Saboda haka ga abin da ya hau kanmu. Mu zaunar da 'ya'yanmu mu ba su wannan tarihi tun dattawan da suka gani suna raye. Mu fitar da zakkar hatsi ranar girbi: ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da wahala, idan ya kai nisabi. Ɗan kasuwa ya ji tsoron Allah, kada ya ɓoye abinci yana jiran tsada. Wanda ya gudo daga ƙauyensa mu karɓe shi, domin kakanninmu ma an karɓe su. Kada kowa ya tura labarin hari a waya sai ya tabbatar, domin jita-jita na watsa gari kafin ɓarawo ya iso.

Ubangijin da ya fitar da kakanninmu daga Kakalaba, ya fitar da mu daga Albuhari, bai gushe ba yana raye, yana ji, yana gani. Allah ya amintar da tsoronmu, ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu. Amin.