Nas ɗin Makaranta a Sabon Badun: Yadda Ta Zo da Yadda Ta Ɓace



Tun da aka yanka wa Hausawa unguwar nan ta Sabo a 1916, abin da kakanninmu suka tsaya a kai shi ne goro, shanu da karatun allo. Lafiyar yaro kuwa tana hannun uwarsa, da wanzami, da malamin da zai ba da rubutu. Ma'aikacin lafiya na gwamnati da suka sani shi ne duba-gari, wanda Yarabawa ke kira wole-wole, kuma ba wai ana ƙaunarsa ba ne. In ya shigo gida ya leƙa randa ya ga tsutsar sauro, to sai sammaci da tara.

Duba lafiyar yaro a cikin makaranta daga Ikko aka ɗauko shi. Dakta Isaac Ladipo Oluwole, wanda aka naɗa mataimakin jami'in lafiya na garin a 1925, shi ya tsara a riƙa bin makarantu ana duba 'yan makaranta ana yi musu lamba. Da Cif Awolowo ya buɗe karatun firamare kyauta a Jihar Yamma cikin Janairun 1955, gwamnatinsa ta haɗa da magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 18. A 1957 kuma aka buɗe asibitin UCH, ga shi nan kusa da mu.

Sai dai fa wanda aka fi dubawa shi ne yaron da sunansa ke cikin rajistar makarantar boko. Iyayenmu a lokacin suna gudun boko, ba ma ganin laifinsu duka, tun da yawancin makarantun na mishan ne. Amma sakamakon shi ne ɗan Sabo ya tsaya a bakin ƙofa. Ana duba ɗan maƙwabcinmu Bayarabe, namu yana zaure da allonsa.

Abin ya ɗan sake bayan shirin UPE na 1976, da kuma zamanin Bola Ige daga 1979, lokacin da wasu gidajen suka saki 'ya'yansu zuwa firamare. Wannan kam da idonmu muka gani. Nas takan zo da farar riga da akwatinta, a jera yara a filin makaranta. Ta duba farce, ta duba haƙori, ta buɗe ido ta ga ko akwai jini, ta laluba kai don ƙwarƙwata da makero. Mai gyambo a wanke masa a ɗaure. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfinta ta rubuta masa takarda ya kai wa ubansa. Mu da muka tsaya Islamiyya, in sun dawo da kai duk shuɗin magani, dariya muke yi musu. Wallahi ƙazuwa na cin mu a tsakanin yatsu muna dariyar. Su nasu ya warke cikin 'yan kwanaki, mu muka ci gaba da susa har damina ta wuce.

Da kuɗin mai ya karye, SAP ya shigo a 1986, zuwan nas ya yi ta raguwa har muka daina ganinta. A 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da tsarin kula da lafiya a makarantu, amma a lungunanmu ba mu ga alamarsa ba. Sai da Ebola ta shigo Ikko a Yulin 2014 aka farka. Malam Ibrahim Shekarau, yana ministan ilimi, ya ɗage komawa makaranta, aka ce kowace makaranta ta horar da ma'aikata biyu. Har Islamiyyunmu sai da muka sayi na'urar auna zafin jiki da bokiti mai famfo. Da aka ce ciwon ya ƙare a Oktoba, bokitin ya koma na alwala.

Yanzu Islamiyyunmu cike suke maƙil, yara safe da yamma, kuma ba mu da ko akwatin bandeji na kirki. Shekarun baya wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar hadda. Nan take aka ce iska ce. Aka kira mu, muka yi ta tofi da ruƙiyya kusan awa guda. Allah Ya kawo wata baiwar Allah nas ce, ta zo ɗaukar ɗanta. Ta ja fatar idon yarinyar kawai, ta ce, "Malam, ku ci gaba da addu'a, amma a cikin mota, wannan ba ta da jini." A asibiti aka gano sikila ce, sai da aka yi mata ƙarin jini. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, wannan ba mu da shakka a kai. Amma awa gudan nan da muka riƙe ta a tabarma, har yau tana ci mana rai.

Bayan wannan mun kai magana gaban dattawa cewa Islamiyyun unguwa su haɗa kuɗi su ɗauki nas guda, mace, ta riƙa zagayawa, ta riƙe littafin masu sikila da asma da farfaɗiya, ta kuma zama wadda 'yan mata masu tasowa za su iya faɗa wa abin da ba za su faɗa wa malam ba. Cikin 'ya'yanmu ma akwai waɗanda suka karanta aikin jinya suna zaune a gida. Kowa ya ce madalla. Da aka zo kan wanda zai biya albashi, sai aka ce a bari bayan Sallah. Sallah uku ke nan.