Blade, Mafaraucin Masu Shan Jini

Blade jarumi ne a littattafan labaran zane na kamfanin Marvel da ke Amurka, baƙar fata mai farautar matattun da ke tashi da dare su sha jinin mutane. Marubuci Marv Wolfman da mai zane Gene Colan ne suka ƙirƙire shi. Ya fara bayyana a fitowa ta 10 ta mujallar The Tomb of Dracula a watan Yuli na 1973.

Da an so a fito da shi shekara uku kafin nan, da bai ga rana ba. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana zargin labaran zane da lalata tarbiyyar yara, har wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kan maganar. Masu buga mujallun suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tacewa mai suna Comics Code Authority, wadda ta haramta zana masu shan jini da gawarwaki masu tafiya. Kasuwar labaran ban tsoro ta durƙushe. Sai a 1971 aka sassauta dokar, aka yarda da irin dodannin da tsofaffin littattafai suka sani, kamar Dracula na Bram Stoker na 1897. Marvel bai yi jinkiri ba: a 1972 ya fara The Tomb of Dracula, wadda ta yi fitowa 70 kafin ta tsaya a 1979, kuma Colan ne ya zana su duka.

Jigon labarin ramuwar gayya ce. An haifi Blade, wato Eric Brooks, a unguwar Soho ta Landan. Uwarsa tana naƙuda aka kira likita, sai wani mashayin jini mai suna Deacon Frost ya zo a rigar likita, ya tsotse jininta har ta mutu. Jaririn ya rayu, kuma abin da ya ratsa jikinsa a wannan dare ya sa cizon masu shan jini ba ya mayar da shi irinsu. Wani tsohon mabushi, Jamal Afari, ya koya masa farautar masu shan jini. Makaminsa na farko wuƙaƙe ne na katako, domin a tatsuniyar masu shan jini itace ake soka wa dodon a zuciya. Shekara huɗu masu karatu suna bin sawunsa kafin ya gama da Frost a 1977, tare da Hannibal King, wani mai bincike da Frost ɗin ya taɓa ciza. A ganina ƙarfin labarin yana nan: maraya ne da aka cuta tun bai buɗe ido ba, kuma mai karatu yana jin zafin da ke tura shi ko a inda halinsa ya yi tsauri.

Bahaushen Kano ko na Zangon Wagadugu zai tuna da maita, amma akwai bambanci. Maye rayayyen mutum ne da ake cewa yana kama kurwa, kuma sau da yawa maƙwabci ake nuna wa yatsa. A Burkina Faso wannan zargi ya raba tsofaffin mata da yawa da ƙauyukansu, wasu suka sami mafaka a cibiyar Delwendé ta Wagadugu, abin da Pierre Yaméogo ya yi fim a kansa a 2005. Dodon da Blade ke bi gawa ce ta tatsuniyar Turai, farautarsa ba ta taɓa kowa.

Blade ya daɗe a matsayin ɗan rakiya a labaran wasu, har fim ya ɗaga shi. Marvel ya shiga fatara a ƙarshen 1996. A 1998 fim ɗin Blade ya fito, Stephen Norrington ya ba da umarni, Wesley Snipes ya hau matsayin jarumin, aka samu sama da dala miliyan 130 a duniya. Fim ɗin ya sauya shi: ya zama rabi mutum rabi mashayin jini, mai iya yawo da rana, sanye da baƙar rigar fata, riƙe da takobi, yana fama da ƙishirwar jinin da ke cikinsa. Mujallun ma suka koma bin wannan siffa. Kashi na biyu ya zo a 2002 a hannun Guillermo del Toro, na uku a 2004. Ana yawan mantawa cewa baƙin jarumi ne ya fara kawo wa jaruman Marvel babbar nasara a silima, shekara biyu kafin X-Men, shekara ashirin kafin Black Panther.

Wolfman ya kai ƙara kotu yana neman a tabbatar masa da mallakar jarumin, amma a 2000 alƙali ya yanke cewa Blade na kamfanin ne. A 2019 Marvel ya sanar da sabon fim tare da Mahershala Ali, aikin ya yi ta samun tsaiko, sai ga Snipes ya sake fitowa a matsayin Blade cikin Deadpool & Wolverine a 2024.