Likita Kotnis a Majigin Indiya

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun fi sanin su da waƙa da rawa da soyayya. Sai dai akwai waɗanda tarihi ne ginshiƙinsu, kamar *Dr. Kotnis Ki Amar Kahani*, wanda V. Shantaram ya shirya a 1946, ya kuma fito a matsayin likitan.

A 1938, yayin da sojojin Japan ke mamaye ƙasar Sin, jam'iyyar Kwangires ta Indiya ta tura likitoci biyar domin jinyar waɗanda suka jikkata. Dwarkanath Kotnis na daga cikinsu. Ya yi aiki da rundunar 'yan kwaminis a fagen daga, ya auri wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar, daga bisani farfaɗiya ta zama ajalinsa a Disambar 1942, yana da shekara 32. Sauran huɗun sun koma gida.

Hikimar fim ɗin ita ce gamsar da ɓangarori biyu da ba sa ga-maciji. Turawan mulkin mallaka sun ɗauke shi a matsayin farfagandar yaƙi da Japan. 'Yan kishin ƙasa kuwa sun ga Ba'indiye yana agaza wa maƙwabci bisa kiran shugabanninsa, ba da umarnin Ingila ba. Ko yaƙin kan iyaka na 1962 tsakanin ƙasashen biyu bai shafe sunan Kotnis a Sin ba.