Gano Kogwanni ta Hotunan Tauraron Ɗan'adam

Gano kogwanni ta hotunan tauraron ɗan'adam hanya ce da masana kimiyyar ƙasa ke bi wajen neman bakin kogo a wurare masu wuyar shiga. Ana duba ramukan da ƙasa ta rufta da wuraren da rafi ke nutsewa cikin dutse, sannan ana amfani da na'urar auna zafi, domin zafin iskar cikin kogo bai cika sauyawa ba, saboda haka bakinsa yakan fi kewayensa sanyi da rana, ya fi shi ɗumi da dare. A shekarar 2007, hotunan kumbon Mars Odyssey na hukumar NASA sun nuna ramuka bakwai a jikin dutsen Arsia Mons na duniyar Mars. A doron ƙasa kuwa, ba a tabbatar da kogo sai masu bincike sun isa wurin da ƙafa.