Rijiyar Mai Mai Rassa: Baki Ɗaya A Sama, Hanyoyi Da Yawa A Ƙasa

Rijiya mai rassa fasaha ce ta haƙar ɗanyen mai da iskar gas, inda ake haƙa rami guda daga doron ƙasa ko ƙasan teku, sai an yi zurfi sannan a fitar da rassa biyu ko fiye, kowanne ya nufi wani sashe na dutsen da ke ɗauke da mai. Ramin farko shi ne uwar rijiya, kuma ta cikinsa man dukkan rassan ke hawowa.

Mai ba ya kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki. Yana maƙale ne a ƙananan ƙofofin dutse, tamkar ruwa a cikin soso. Iya tsawon ramin da ya ratsa dutsen, iya man da ake sa ran samu. Tun da kaso mai tsoka na kuɗin haƙa yana tafiya ne wajen ratsa ƙasar da ke saman man, ya fi riba a biya wannan kuɗi sau ɗaya.

An fara gwada dabarar a 1953 a yankin Bashkiriya na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ƙarƙashin injiniya Alexander Grigoryan. Rijiyarsa mai lamba 66/45 tana da rassa 9. Ta ci kuɗin rijiya ɗaya da rabi, amma man da ta bayar ya ninka na maƙwabtanta har sau 17. Duk da haka, sai a shekarun 1990 kamfanonin duniya suka rungumi fasahar sosai, bayan da haƙar rami a kwance ta kankama.

Wahalar aikin tana mahaɗa ne, wato wurin da reshe ke rabuwa da uwa. Akan zura wani ƙarfe mai gangare cikin rijiyar, ya karkatar da na'urar yanka ta huda taga a jikin bututun ƙarfen da ke tokare da bangon ramin. Ta wannan taga ake haƙa reshen. To, bututun da aka huda ya rasa ƙarfinsa. Idan dutsen wurin mai laushi ne, mahaɗar na iya ruftawa, ko yashi da ruwa su kutso, a yi asarar reshen har da abin da ke ƙasa da shi.

Wannan ya sa a 1997 wata haɗakar kamfanonin mai da aka sani da TAML ta kasa mahaɗu mataki 6. A mataki na 1 ba bututu ba siminti, dutsen ne ke riƙe kansa. A na 4 an sanya wa uwa da reshe bututu da siminti. Na 5 da na 6 ne kaɗai ke toshe mahaɗar ta yadda za ta jure matsin mai da iska, kuma su suka fi tsada. Zaɓen matakin da ya wuce buƙata ɓarnar kuɗi ce, zaɓen wanda ya gaza kuwa kasada ce da rijiyar baki ɗaya.

Kamfanin Saudi Aramco ya yi fice a wannan fanni. A aikin Haradh na uku da ya fara aiki a 2006, rijiyoyi 32 masu rassa ne aka tsara su bayar da ganga 300,000 a kullum. An sanya musu bawul-bawul da ake sarrafawa daga sama, domin a rufe duk reshen da ya fara kawo ruwa ba tare da an tsayar da sauran ba. A filin Troll na ƙasar Norway kuwa, man siririn shimfiɗa ne tsakanin iskar gas a sama da ruwa a ƙasa, kaurinsa a wasu wurare bai kai mita 15 ba. Dogayen rassa a kwance ne suka sa haƙarsa ta zama abin riba.

Gyaran irin wannan rijiya ya fi na rijiya mai rami ɗaya wuya, domin sai an lallaɓa kayan aiki sun shiga reshen da ake nufi, a zurfin da ido ba ya gani.