Lafiyar baki da haƙora a lokacin juna biyu

Kumburin dasashi na daga cikin larurorin da suka fi damun masu juna biyu, amma ba kasafai ake ambatonsa a wurin awo ba. Sauye-sauyen da ciki ke kawowa a jikin mace suna sa dasashi ya yi laushi, ya yi ja, ya riƙa zubar da jini idan an goge haƙora. Yakan fara ne a wata na 2 ko na 3, ya tsananta a ƙarshen ciki, ya lafa bayan haihuwa. Mata da yawa kan daina goge baki idan sun ga jini, alhali dattin da ya taru shi ke ƙara rura ciwon.

Ana yawan cewa jariri na tsotse ƙarfin haƙoran uwarsa. Ba haka ba ne. Abin da ke cinye haƙori shi ne tsamin aman laulayi da yawan shan zaƙi saboda kwaɗayi. Bayan amai, a kurkure baki da ruwa, a jinkirta gogewa kamar rabin awa, domin tsamin ya riga ya tausasa bayan haƙori. Goge baki sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid shi ne ginshiƙi. Asuwaki ma yana da amfani, muddin ba a dirje dasashi da shi ba. Goro da fure kuwa rina haƙora suke yi, ba tsabtace su ba.

Ciki ba ya hana ganin likitan haƙori, ko da za a cire haƙorin ne. Watanni na 4 zuwa na 6 sun fi sauƙin jurewa. Haɗarin yana wajen sayen magani a kemis ba tare da an faɗi cewa akwai ciki ba. Tetracycline kan ɓata launin haƙoran jariri, waɗanda ke fara samuwa tun mako na 6, su soma ƙarfi a wata na 4. Ibuprofen da diclofenac ba su dace da ƙarshen ciki ba.

Ga mazauna Magarya a Ƙaramar Hukumar Wurno, da na Rabah da Goronyo, matakin farko shi ne a nuna wa ma'aikaciyar awo bakin. Idan abin ya fi ƙarfinta, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Bayan haihuwa, ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori kan ratsa daga bakin uwa zuwa na ɗa ta hanyar tauna masa abinci ko haɗa cokali. A wannan yanki akwai abin da ya fi ruɓewar haƙori muni: cutar noma, wadda ke farawa da gyambon dasashi, ta cinye kunci da leɓe cikin kwanaki, galibi a yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Saboda ita aka buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Yaron da dasashinsa ke jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya kumbura, a kai shi asibiti a ranar, domin a wannan matakin magani na iya tsayar da ita.