Baba Yara: Tarihin Sarkin 'Yan Wasan Gefe Na Afirka Ta Yamma

Duk mai bibiyar ƙwallon ƙafa ya san filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi, inda Super Eagles suka yi canjaras babu ci da Black Stars a watan Maris na 2022. Sai dai da yawa daga cikin matasanmu na Sabo da Zango sunan kawai suke ji, ba su san mai shi ba.

Asalinsa

Sunansa na yanka Usman Seidu. An haife shi a Kumasi ranar 12 ga Oktoba, 1936, lokacin ƙasar tana amsa sunan Gold Coast a hannun Turawan Ingila. Kafin ƙwallo ta ɗauke shi, mahayin dokin sukuwa ne a Accra.

Zamansa a Kotoko

A 1955 ya shiga Asante Kotoko, yana buga gefen dama da lamba 7. Gudu da yanka da iya miƙa ƙwallo su suka fito da shi, har aka riƙa yi masa kirari da Sarkin 'Yan Wasan Gefe.

A wannan shekarar aka kira shi tawagar ƙasa. Wasan da aka yi da Najeriya a Accra a 1955, dattawanmu ba su cika son a tuna musu da shi ba: an lallasa mu da ci 7 da nema, Baba Yara ya zura biyu. Har yau ba a taɓa yi wa Najeriya cin da ya wuce wannan ba. Yana cikin 'yan Kotoko da suka ɗauki kofin lig na Ghana a 1959.

Komawa Real Republikans

A 1961, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa ƙungiyar Real Republikans a Accra, ƙarƙashin daraktan wasanni Ohene Djan. Tsarin shi ne a tsamo gwanaye biyu-biyu daga manyan ƙungiyoyi, a haɗa su wuri guda domin su zama ƙashin bayan Black Stars. Daga Kotoko aka ɗauke Baba Yara da Dogo Moro, abin da ya ƙona ran mutanen Kumasi ƙwarai.

Haɗarin Kpeve

A watan Maris na 1963, Republikans suka je Kpandu a yankin Volta suka doke Volta Heroes da ci 5 da nema. A hanyar dawowa motarsu ta yi haɗari a Kpeve. Baba Yara ya samu rauni a laka. Aka garzaya da shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya shahara kan irin wannan ciwo, amma a keken guragu ya dawo gida. Shekarunsa 26 kacal, ganiyar ɗan wasa ke nan.

A watan Disambar wannan shekara Ghana ta ci Sudan 3 da nema a Accra, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko, ba tare da shi ba. Bai sake taka leda ba har Allah ya karɓi abinsa ranar 5 ga Mayu, 1969, a asibitin Korle Bu, yana da shekara 32.

Abin da ya bari

Shekara takwas kawai ya yi yana buga ƙwallo a babban mataki. Real Republikans kuwa ta watse bayan juyin mulkin 1966. Daga baya, a zamanin shugaba John Kufuor, aka sa wa filin wasan Kumasi sunansa, filin da ke cin mutum kusan 40,000 kuma nan ne gidan Kotoko, ƙungiyar da aka raba shi da ita. Allah ya jiƙansa da rahama.